Yawon Buɗe Ido da Ƙafa a Kafanchan Cikin Damina

Duk lokacin da ɗaliban Hausa suka zauna shirya ziyarar gani da ido, sunayen da kan fara faɗowa a baki sanannu ne: rijiyar Kusugu a Daura, Gidan Makama a Kano, hasumiyar Gobarau a Katsina, sai kuma Hubbaren Shehu a Sakkwato. Da wuya ka ji wani ya ce a tafi Kafanchan, domin ana ganin ai can ba ƙasar Hausa ba ce. Gaskiya ne ba ita ba ce, amma wannan shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata a je. A yau akwai miliyoyin mutane da ke ciniki da ibada da neman aure da Hausa, alhali ba da ita suka buɗi baki ba. Ɗalibin da bai taɓa jin Hausar irin waɗannan mutane da kunnensa ba, to rabin labarin harshen kawai ya sani.

Kafanchan, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Jama'a, ita ce babban gari a kudancin Jihar Kaduna. Ba ta kai Kano ko Kaduna girma ba, kuma wannan alheri ne ga mai yawo da ƙafa, tunda a wuni ɗaya zai iya zaga cikin gari ba tare da ya hau ko acaɓa ba. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda ake irin wannan yawo a lokacin da mutane suka fi gudunsa, wato cikin damina, da kuma abin da ɗalibin harshe zai tsinta a hanya.

Me ya sa ruwan can ya fi na nan?

Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ya san damina ta wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. A Kafanchan kuwa ruwa kan sauka tun watan Afrilu, ba ya ɗaukewa sai Oktoba. Abin da yankin ke samu a shekara yakan kai milimita 1,500, wato kusan ninki biyu na abin da Kano ta saba samu. Ba kasancewar garin a kudu kaɗai ya jawo haka ba. Iskar damina takan taso ne daga tekun Atlantika, ta kudu maso yamma, ɗauke da danshi. Idan ta iso nan sai ta yi karo da duwatsun Kagoro da gefen tsaunukan Jos, dole ta hau sama. Iska kuwa in ta hau sama sai ta yi sanyi, danshin da ke cikinta ya dunƙule ya zama girgije, ya zubo a wannan gefe na dutsen. Shi ya sa za ka ga ƙasar kore shar, da itatuwan kwakwar manja da kurmi a bakin rafuka, abubuwan da Bakatsine ba ya tsammanin gani a cikin jihar da Zariya take.

Ruwan ba iri ɗaya ba ne daga farkon damina zuwa ƙarshenta, kuma Hausa ta riga ta raba su da sunaye. A farkon damina da ƙarshenta hadari ne ke haɗowa, galibi bayan azahar ko da dare, da iska da walƙiya da tsawa. Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, bayan awa guda ya ɗauke, gari ya washe. Amma a watan Agusta zuwa farkon Satumba marka ce, wasu su ce malka: sama ta rufe ruf, yayyafi ya ƙi tsayawa, a wuni ba a ga rana ba. Hadari yana ba mai yawo gargaɗi, yana kuma ba shi safiya sukutum ya yi abin da ya kawo shi. Marka ba ta da wannan kirkin. A ganina watan Yuni ko ƙarshen Satumba sun fi dacewa da ziyara, lokacin ƙasa ta yi kyau, rafuka sun kawo, amma ba kullum ake kwana ana ruwa ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Kayan da ake bukata ba su da yawa. Na farko takalmi. Silifa ba abokin tafiyar damina ba ne, yana santsi, yana kuma watsa wa mai shi caɓi har gadon baya. Takalmin roba mai rufi, mai kaushin ƙasa, ya fi. Ƙasar yankin ja ce a wurare da yawa, in ta shiga farin yadi sai an sha wuyar wanki, don haka a bar farar shadda a gida. Laima tana maganin yayyafi, amma iskar hadari takan juya ta, rigar ruwa ta fi ta amfani. Kakanninmu kabido suke sawa, wanda ake saƙawa da kaba ya rufe mutum daga ka har baya, kalmar da ɗalibai da dama yanzu sai a ƙamus suke gamuwa da ita. Littafin rubutu da wayar hannu kuwa a ƙulle su a leda. Wanda zai kwana ya tafi da gidan sauro.

Abu biyu ne ke kisa a damina, kuma duka biyun ana raina su. Na farko aradu. Idan ka ga walƙiya, ka ƙirga daƙiƙoƙi kafin ka ji tsawa. Sauti yana cin kimanin kilomita 1 a cikin daƙiƙa 3, saboda haka in tazarar ba ta kai daƙiƙa 30 ba, hadarin ya matso, a nemi gini a shiga. Gindin bishiyar da ke tsaye ita kaɗai a fili ba mafaka ba ce, haka ma kan dutse. Na biyu ruwa mai gudu. Kwata ko kwalbatin da ka tsallake da safe, bayan ruwa sai ka tarar ya shafe, ba a gane bakinsa. Ruwan da bai wuce gwiwa ba yana iya kayar da ƙato in yana da ƙarfi. Ka bi inda 'yan gari suke bi, in sun tsaya kai ma ka tsaya.

A fara daga tasha

Duk wanda yake son ya fahimci Kafanchan, daga tashar jirgin ƙasa zai fara, don kuwa layin dogo ne ya mayar da wurin gari. Turawan mulkin mallaka sun taso da layin gabas daga Fatakwal, ya biyo ta Inugu inda ake haƙar kwal, ya ratsa Makurɗi, ya haɗe da Kaduna ta Kafanchan a shekarar 1927. Daga nan kuma aka ja reshe zuwa Jos saboda kuza. Gadar jirgi ta kan kogin Binuwai a Makurɗi sai a 1932 aka buɗe ta. Daga baya, tsakanin 1958 da 1964, aka miƙa layi daga Kuru ya bi ta Bauci da Gwambe har Maiduguri. Ke nan mai zuwa Jos ko Barno daga Fatakwal, da mai zuwa Kaduna, duk sai sun biyo ta wannan mahaɗa. Da jirgin ne Ibo da Yarbawa da Hausawa 'yan kasuwa da ma'aikata daga ko'ina suka cika garin.

Harkar jirgi ta durƙushe tun daga shekarun 1980 da 1990, kuma ko da yake Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a watan Maris na 2021, tashar ba ta koma yadda dattawa ke ba da labarinta ba. Duk da haka akwai abin gani: faɗin filin da layuka suka rarrabu, tsofaffin taragu, da gidajen ma'aikata irin ginin Turawa. Cikin damina ciyawa takan rufe ƙarafan, sai a kula da inda ake taka ƙafa saboda macizai, a kuma nemi izinin ma'aikata kafin a ɗauki hoto.

Ɗalibin harshe ya buɗe littafinsa tun daga nan. Jirgi ya tafi amma ya bar kalmominsa: reluwe, loko, tasha, kwatas, fasinja, tikiti. Akwai unguwa a garin mai suna Bayan Loko, wato bayan rumfar da ake ajiye kawunan jirage ana gyara su. Dubi yadda aka gina sunan, kalmar Hausa a gaba, ta aro a baya, daidai da yadda muke cewa bayan gida ko bayan gari. A wannan unguwa ce ƙungiyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta yi suna wajen ba mata rancen jari da koyar da kwamfuta. Wata unguwar kuma sunanta Garaje, ita ma ba sai an yi dogon bincike kan asalin sunan ba.

Sunaye biyu-biyu

Daga tasha sai a gangara cikin gari, wajen fadar Sarkin Jama'a da babban masallaci. Masarautar ta girmi garin nesa ba kusa ba. An kafa ta ne a farkon ƙarni na 19, a zamanin jihadi, ƙarƙashin Zazzau, kuma asalin mazauninta Jama'an Daroro ne. A zamanin Turawa aka taso da ita, ta zauna a Madakiya na ɗan lokaci, sannan ta dawo Kafanchan a 1933. Amma kafin jirgi, kafin fada, akwai masu ƙasa, su ne mutanen Fantswam, waɗanda ke da nasu sarkin mai laƙabin Agwam, da fadarsa a Zikpak. Sunan Kafanchan kansa, yadda bakin Bahaushe ya iya furta sunansu ne.

A nan ne yawon zai fara zama darasi. Kusan kowace al'umma a yankin tana da suna biyu, wanda Hausawa suka sa mata, Turawa suka rubuta a takardunsu, da wanda take kiran kanta da shi. Waɗanda muka sani da Kaje, Bajju ne. Kataf su ne Atyap, Jaba su ne Ham, Kagoro su ne Agworok, Kagoma su ne Gwong, Kaninkon su ne Nikyob, Kadara kuma Adara. Mai lura zai ga yawancin sunayen Hausar da "ka" suka fara. Misalin Bajju ya isa ya haska dalilin: a wurinsu harshen shi ne Jju, mutanen Bajju, ƙasar kuwa Kajju. Ashe Bahaushe sunan ƙasa ya ji, ya mayar da shi Kaje, ya kira mutanen da shi. Waɗannan harsuna na rukunin Filato ne a cikin iyalin Binuwai-Kongo, masu rarrabe sunaye ta hanyar ɗafa-goshi, ba dangin Hausa ba ne ko kaɗan, ita da take cikin iyalin Chadi. Ga wanda ke neman batun kundin digiri, ga shi nan a kwance a bakin titi.

Maganar ba ta nahawu kaɗai ba ce. Mutane da yawa a yankin ba sa son tsofaffin sunayen, suna jin su a matsayin tambarin zamanin da aka raina su. Baƙo mai hankali sai ya kira mutum da sunan da ya zaɓa wa kansa. Kalmomi irin su "arne" da "ƙabila", waɗanda wasunmu kan sake su ba tare da tunani ba, a nan suna da nauyin da ba su da shi a Kano. Garin ya ga tashin hankali a watan Maris na 1987, da 1999, da kuma bayan zaɓen watan Afrilu na 2011, lokacin da aka yi asarar rayuka, kasuwar garin ta ƙone. Tun daga nan zaman unguwanni ya ƙara rabuwa bisa addini. Mai yawo da ƙafa zai ratsa waɗannan iyakoki ba tare da ya gan su ba, shi ya sa ya fi kyau a tafi da ɗan gari, a kuma bar muhawarar wa ya fara ga masu ita.

Rumfar fakewa ita ce aji

Yanzu mu zo ga amfanin ruwan kansa. Da rani kowa yana sauri, ba mai tsayawa ya saurare ka. Amma da zarar ruwa ya kece, sai ka ga mutum goma sha sun cunkushe a rumfar mai shayi ko barandar shago: ɗan acaɓa, malamar makaranta, mai tallar masara, tsoho da kekensa. Ba inda za su, kuma shiru ba ya daɗewa a irin wannan wuri. Harshen da zai haɗa Bajju da Bafulatani da Ibo a rumfar nan, mafi yawan lokuta Hausa ce, ana sirka ta da Turancin buroka. Ka yi sallama ko ka ce sannunku, ka ƙara da "Yaya ruwa?", za a amsa maka da "Ruwa ya yi gyara." Daga nan hira ta buɗe. Dattijo a ce masa Baba, dattijuwa Mama, ko da wane addini suke bi.

Me za a saurara? Da farko jinsi. A bakin wasu za ka ji "ya zo" ana nufin mace. Sai kuma baƙaƙe masu ƙugiya, inda ƙ kan koma k, ɗ ta koma d, har "ƙafa" da "kafa" su zama abu ɗaya a kunne, sai ma'anar jimla ta raba su. Kada ɗalibi ya yi saurin rubuta "kuskure" a littafinsa. Na ɗaya, akwai 'yan yankin da Hausarsu ta fi ta wasu 'yan ajinmu tsabta. Na biyu, wasu daga cikin waɗannan siffofi ba daga baƙunta suka zo ba. Duba allunan hanya: Fadan Kagoma, Fadan Karshi, Ungwan Rimi, Ungwan Masara. A daidaitacciyar Hausa fada da unguwa mata ne, Fadar da Unguwar ya kamata a ce. To amma wannan madanganci "-n" a kan suna na mace sananne ne a Zazzaganci, kuma ta Zazzau Hausa ta fi shigowa yankin. Ke nan raba abin da karin harshe ya kawo da abin da harshen uwa ya jawo, aiki ne da ke son natsuwa.

Akwai kuma Hausar coci, wadda ɗalibai Musulmi da yawa ba su taɓa ji ba. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932, kuma har yau da Hausa ake wa'azi da waƙa a majami'u masu yawa na yankin. Kalmomi irin su ikilisiya, baftisma, bishara, sujada da zumunta suna da rai a nan, wasunsu da ma'anar da ta ɗan sha bamban da wadda aka saba. Sujada, alal misali, ba sa goshi a ƙasa kaɗai take nufi ba, dukkan taron ibadar Lahadi ne. Wanda ya wuce ta gefen babban cocin Katolika na Saint Peter Claver, ko wata majami'ar ECWA, a yammacin da matan zumunta ke gwajin waƙa, ya ɗan sassauta tafiya ya saurara.

Kasuwa kuwa a damina cike take da ɗanyar masara, gasasshiya da dafaffiya, da gyaɗa da gwaza da sabuwar doya. A nemi faten acca, abincin da ya dace da ranar sanyi. Citta, wadda yankin ya fi ko'ina a Nijeriya nomanta, a wannan lokaci tana gona, sai kaka ake haƙo ta. A daminar 2023 wata cuta ta afka mata ta cinye gonaki a Kachia da Jaba da Kagarko da Jama'a, kuma duk manomin da ka taɓo wa zancen yana da abin faɗa. A unguwar Katsit akwai shahararriyar kasuwar aladu da ke ci ranar Alhamis, wadda fatake ke zuwa daga kudancin ƙasar nan. Mai son gani ya san ranar, mai son kauce mata ma ya san ta.

Matsirga

Rana ta biyu a ware ta don Matsirga, a wajen gari ta ɓangaren Madakiya. Mai ƙarfin ƙafa zai iya takawa, amma ya fi sauƙi a hau abin hawa zuwa kusa, a ƙarasa da ƙafa. Ruwan daga duwatsun Kagoro yake tasowa, ya zo ya faɗo daga bakin dutse mai tsawon mita 25 zuwa 30. Da rani siriri ne. Da damina kuwa tun daga nesa za ka ji rugugi, ruwan ya yi ja saboda ƙasar da ya kwaso, feshinsa yana tashi kamar hayaƙi, in rana ta fito har bakan gizo yake yi. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai tambayar don me za a zo cikin damina. Sai dai duwatsun wurin suna da gansakuka, santsinsu ya fi na sabulu, kuma ruwan da aka yi a kan tudu yana iya ƙaro kogin farat ɗaya ko da a inda kake tsaye ko ɗigo bai sauka ba. A yi kallo daga tudu, wanka a bar shi.

Sunan wurin ma abin nazari ne. Matsirga kalmar Hausa ce, sunan wuri da aka gina da ɗafa-goshin "ma-" a kan aikatau tsirga, wato dirowa daga bisa. Tsarin ɗaya ne da na mafaka daga fake, magudana daga gudana, mahaɗa daga haɗa, kalmomin da duk mun ci karo da su a wannan yawo. 'Yan jaridarmu kan sha wahala wajen fassara sunan irin wannan wuri, su yi ta kewaye da "ruwa mai faɗowa daga kan dutse", alhali ga kalma ɗaya tilo a taswirar Jihar Kaduna tana jiransu. Mutanen Fantswam kuma suna da nasu sunan da suke kiran wurin, a tambayi ɗan rakiya ya furta shi, a rubuta yadda aka ji.

Dutsen Kagoro, wanda tsayinsa ya haura mita 1,200 daga doron teku, ana hango shi daga gari, da safiyar damina girgije yakan sauko ya naɗe masa kai kamar rawani. Hawansa dai aikin rani ne. Mai son zuwa ya jira ranar 1 ga Janairu, ranar bikin Afan, ya haɗa biyu. A garin ne Gwamna Awan ya yi sarauta daga 1945 har rasuwarsa a 2008, shekara 63 ke nan. Ƙauyen Nok kuwa, wanda ya ba da sunansa ga mutum-mutumin yumɓu da aka fara tonowa a 1928, waɗanda suka haura shekara 2,000, yana can wajen Kwoi, tafiyar mota ce. Kafin a fita zuwa ko ɗaya daga cikin waɗannan wurare na bayan gari, a tambayi masu masauki halin da hanya take ciki a wannan makon, domin ƙauyukan yankin sun sha fama da hare-hare a 'yan shekarun nan. A fita da hantsi, a kuma tabbata an dawo cikin gari kafin la'asar, lokacin da hadari ya saba haɗowa.